Kujerar Akawu

Alhaji dillalin hatsi ne a Tudun Hatsi, nan cikin Gombe. Irin mutanen nan ne da ake cewa ko ƙuda ya faɗa musu a koko sai sun tsotse shi kafin su yar. Akawunsa kuwa shekara 6 ke nan yana zama a kan wata farar kujerar roba da masu haya suka manta a ƙofar ofis bayan walimar auren 'yar Alhaji. Ƙafarta ɗaya ta tsage, an ɗaure da waya. Tun da aka kawo kwamfuta, daga takwas na safe har shida na yamma yana kanta. Ranar da ya sunkuya ɗaukar biro ya kasa miƙewa, sai da 'yan dako biyu suka ɗago shi kamar buhun wake, ranar Alhaji ya yarda a je Sabon Layi a duba kujera. A duba fa, ba a saya ba.

MAI SHAGO: Maraba da Alhaji! Kai yaro, kawo ruwa mai sanyi.

ALHAJI: Ruwan kyauta ne, ko yana cikin kuɗin kujera?

MAI SHAGO: Kyauta ne, ranka ya daɗe.

ALHAJI: To kawo biyu ka ba ni. Akawu yana azumi.

AKAWU: Ni? Alhaji, yau fa Laraba.

ALHAJI: Lada ba ta da rana. Mai shago, waccan baƙar mai ƙyalli, mai kama da ta gwamna, nawa?

MAI SHAGO: Kafin kuɗi, wa zai zauna, kuma awa nawa?

AKAWU: Ni ne. Awa goma.

ALHAJI: Tara da rabi. Yana fita salla.

MAI SHAGO: To ai kujera kamar takalmi ce, Alhaji, sai an gwada a jikin mai ita. Malam Akawu, bismilla, hau.

Akawu ya hau, kujera ta haɗiye shi. Ƙeyarsa ta nutse cikin soso, ƙafafunsa suka koma lilo a sama kamar yaron da aka ɗora kan raƙumi ranar hawan salla.

ALHAJI: Masha Allahu! Ka ga kwarjini. Ko mai bin mu bashi ya shigo sai ya yi sallama sau biyu.

MAI SHAGO: Kwarjini akwai, amma dubi ƙafarsa. Ƙa'ida ita ce tafin ƙafa ya kwanta a ƙasa sosai, cinya ta miƙe, gwiwa ta lanƙwashe kamar kusurwar bango. Sannan idan ya jingina, ya zama akwai ratar yatsa biyu zuwa uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarsa. Nan ko allura ba ta wucewa. Bakin kujera zai danne jijiyoyi, kafin azahar ƙafa ta mutu masa.

ALHAJI: Yatsa uku? Ni da mudu na saba awo.

MAI SHAGO: Ga kuma ledar nan. Ka tuna Gombe a watan Afrilu, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Sai riga ta manne da baya, baya ya manne da kujera. Bayan shekara ɗaya ko biyu ta fara saɓa kamar maciji, duk wanda ya tashi sai ya tafi da guntunta a bayan kaftani.

AKAWU: Alhaji a taimaka a ciro ni.

Aka ciro shi. Mai shago ya gangaro da wata mai bayan raga, ba ƙyalli, ba kwarjini.

ALHAJI: Wannan kuma fa? Gidan sauro ne aka yi wa ƙafa?

MAI SHAGO: Raga ce, don iska ta riƙa ratsa baya.

ALHAJI: Rabinta rami ne. In mun daidaita sai ka cire mini kuɗin ramukan.

MAI SHAGO: Ramukan nan ai su ake saya. Wani kamfani ne a Amurka, Herman Miller, ya fito da kujerarsa mai suna Aeron a 1994, raga zalla ba soso, har ta zama abin yayi a manyan ofisoshi. Girma uku suke yin ta, A da B da C, kowa da daidai jikinsa, kuma garantin shekara 12 suke bayarwa. Sabuwarta ta haura dala dubu.

ALHAJI: Dala me?

MAI SHAGO: Dubu.

ALHAJI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Akawu, matsa daga jikinta kar numfashinka ya taɓa ta.

MAI SHAGO: Kwantar da hankalinka, wannan ba ita ba ce. Ƙanwarta ce ta wajen uba, 'yar Chaina. Naira dubu 150.

ALHAJI: Wannan ma dangin nasu ba su da mutunci.

Akawu dai bai jira izini ba, ya zauna. Sai ya yi wata ajiyar zuciya mai tsawo, irin ta matafiyin da ya taso daga Legas a bayan tirela ya hango gadar shiga gari.

AKAWU: Akwai wani abu da ya tokare mini ƙugu. Alhaji, wallahi kamar hannun mahaifiyata.

MAI SHAGO: To nan ne kuɗin yake. Ƙashin baya ba a miƙe yake kamar sanda ba. Gaɓoɓi 5 na wajen ƙugu sun ɗan lanƙwasa zuwa ciki. In mutum ya daɗe a zaune ba abin da ya tallafe wurin, sai ya zube ya yi doro, nauyi ya koma kan faifan da ke tsakanin gaɓoɓin. Wannan tudun yana hawa yana sauka, sai ka tsayar da shi daidai inda lanƙwasar take, wajen ɗaurin wando.

ALHAJI: Wato tudu kawai ake nema?

MAI SHAGO: Tsakani da Allah, ko tawul ka naɗe ka sa a wurin yana rage wahala.

Idon Alhaji ya yi haske. Mai shago ya gane ya yi suɓul da baka, amma magana zarar bunu ce.

ALHAJI: Akawu, rubuta: tawul. Tashi in ji abin da kake ji.

Alhaji ya tattare babbar riga ya zauna. Hannunsa ya lalubo wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin mazauni, ya ja. Kujera ta yi "fuuu" ta sauka da shi har ƙasa, hula ta rufe masa ido.

ALHAJI: Wayyo! Ta yi faci! Ku shaida ba ni na fasa ba!

MAI SHAGO: Liba ka ja, Alhaji. Bututu ne mai iskar gas a ciki. Ka ja kana zaune ta sauka, ka ɗaga jikinka ka ja ta hau. Shi ne abin da ya fi saurin lalacewa a masu araha, shi ya sa ake duba nauyin da aka rubuta. Wannan kilo 120 take ɗauka.

ALHAJI: Buhun masara ɗaya da 'yan kwanoni. To ni ina ciki.

AKAWU: Kafin cin abincin rana dai.

ALHAJI: Me ka ce?

AKAWU: Na ce Allah ya ƙara lafiya.

ALHAJI: Ƙafa biyar kuma ta mece ce? Ko jaki da yake ɗaukar kaya huɗu gare shi. Cire ɗaya ka rage kuɗi.

MAI SHAGO: Jaki ba ya jingina da baya. Mai ƙafa huɗu da taya, kana kishingiɗa za ta kifar da kai. Hannuwan nan ma suna hawa suna sauka, don gwiwar hannu ta samu wurin hutawa, kafaɗa ta sauko daga kunne. Malam Akawu, ina kake ajiye kwamfutar?

AKAWU: Kan buhun gero.

MAI SHAGO: A ɗaga ta. Saman allon ya zo daidai ido, nisansa kamar tsawon hannu. Kuma in gaya muku gaskiya, ko ta dala dubun ka saya, ba a yi jikin ɗan Adam don zaman awa goma ba. Duk bayan minti 30 a tashi a miƙe, a ɗan taka.

ALHAJI: Tashin nan nawa ne?

MAI SHAGO: Kyauta.

ALHAJI: To shi muke so. A haɗa mana da tawul. Akawu, mu tafi.

AKAWU: Na yarda, Alhaji. Bari in buga lissafi. Awa goma, tashi 20 ke nan. Kowane tashi minti biyar, minti 100 a rana. A wata kuwa...

ALHAJI: Tsaya. Minti ɗarin nan a cikin lokacin wa?

AKAWU: Naka, ranka ya daɗe.

Alhaji ya yi shiru. Ya koma ya zauna a kujerar, ya ɗan juya hagu, ya ɗan juya dama.

MAI SHAGO: Sayen nagari mai da kuɗi gida.

ALHAJI: Ni ban taɓa ganin kuɗin da ya fita ya san hanyar gida ba. Dubu 40.

MAI SHAGO: Albarka.

Ciniki ya kai har kiran la'asar. Sau uku Alhaji yana fita yana dawowa, ya shanye ruwa na uku, a ƙarshe aka sallama a dubu 125, da sharaɗin mai shago zai biya kuɗin Keke Napep.

Washegari na bi ta Tudun Hatsi. Na tarar da Alhaji a kan kujerar raga, tafin ƙafa a ƙasa, yatsa uku cif a bayan gwiwa, yana juyawa a hankali yana jan carbi. A gefe ga Akawu a kan farar kujerar roba, da sabon tawul naɗe a ƙugunsa.

NI: Malam Akawu, ina ce kai aka saya wa?

AKAWU: Gwada mini ita yake yi. Ya ce sai ya tabbatar ba ta da illa.

NI: Har yaushe?

AKAWU: Ya ce garantin Turawa shekara 12 ne. Tawul ɗin kuma an cire a albashi.

ALHAJI: Akawu! Minti talatin ya cika. Tashi ka miƙe, ka taka wajen mai shayi ka karɓo mini kofi ɗaya. Ka ce ya rubuta a littafinka.