Ruwa bai sa hannu a takardar filinku ba

Makon jiya na bi ta bakin tabkin da ke bayan unguwarmu, sai na tarar da turakun siminti a jere cikin busasshiyar laka, an shafa musu jan fenti. Wurin da ruwa ke kai wa babban mutum ƙirji a watan Agusta, shi aka auna aka yanka, har wani ya zube yashi kamiyo biyu. Na tambayi wani dattijo mai buga tubali a gefen. Bai ko miƙe ba, ya ce, "Alhaji, wai sun ce tabkin ya mutu." Ya ci gaba da cuɗa ƙasarsa.

Wannan magana ta "tabki ya mutu" ita ce ta hana ni barci. Ta yaɗu a Damagaram, har masu boko na faɗin ta a fada suna gyara zama: tabkuna gidan sauro ne, juji ne, suna cin yara, a cike su a huta. Sauro akwai shi, ba musu. Shara kuwa mu muka kai ta da hannunmu, sannan mu dawo muna toshe hanci muna zargin tabki.

Garin nan a kan dutse yake zaune. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926, kuma har yau ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. To dutsen da ya hana mu rijiya da rani, shi ne ke ƙin shanye ruwa da damana. In an yi mamako, ruwan ba shi da wurin zuwa sai gangare, sai tabki, sai kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka gina Birni da Zango. Ka cike masa makwanci, zai nemi wani, kuma ɗakin wani talaka ne zai samu.

Mun manta da 2024 ne? Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a gaban idon mutane. An ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba a faɗin ƙasa, ajujuwa cike da waɗanda gidajensu suka rushe. Ban ce cike tabki ne ya kayar da masallaci ba. Cewa nake mun ga irin abin da sama ke iya saukarwa a dare ɗaya, kuma wanda ya ga haka ya koma yana kafa turaku a gindin tabki, ba jahilci ke damun sa ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar ruwa ta 2010 ta sa tabkuna cikin dukiyar ƙasa, har iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika, da ƙarin mita 25 bayan nan. In ya cika aka ce. Amma masu awo ba sa zuwa sai Afrilu, lokacin da tabki ya koma ɗan tsukukun da akuya ke tsallakewa, su auna daga nan. Wayon ke nan gaba ɗaya.

Ku zo kuma ga hanya, don maganar ɗaya ce. A sababbin unguwannin lotisma, wato filayen da aka auna aka yanka don sayarwa, wanda ya yanka filaye ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, bai bar magudana ko ɗaya ba. Hanyar ta zama marainiya. In ka kai kuka, a ce maka ta cikin unguwa ce, ku gyara abinku. Harajin da ake karɓa da sunan hanya fa, na wace hanyar ne?

A layinmu bara mun haɗa jika biyar-biyar muka sayo jar ƙasa. Ku ji yadda ta kaya. Mai hali ya ƙara kamiyo guda a ƙofarsa, na kusa da shi ya ga ruwa ya juyo, shi ma ya ɗaga tasa da ɓaraguzai, haka har hanya ta fi dokin ƙofa tsawo. Ruwan farko na kirki, duk ya gangara gidan wata gwauruwa a ƙarshen layi, muka kwana muna kwalfewa da bokiti. Adaidaita ta daina shigowa, ɗan ga-ruwa ya ƙara kuɗi don turin ya yi wuya. Ba wanda ya yi niyyar cuta a cikinmu. Hanya dai ba a gyara ta ƙofa-ƙofa. Sai wanda ya san gangaren gari duka ya ce ga inda ruwa zai bi, kuma aikin hukumar gari ke nan.

Masu cewa gari na girma, dole mutane su sami wurin zama, su fara gina wa 'ya'yansu a cikin lakar mu gani. Masu nuna mana kwaltar Zinder Sabuwa, shirin gyaran garin Damagaram na 2018, kuwa, su bi ruwan da ke sauka daga kanta su ga unguwar da yake kwana.

Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun gari aka naɗa kantomomi, uzurin nan na tsoron ɓata wa masu zaɓe rai ya ƙare. Ba mai neman ƙuri'ar kowa. To me ya rage? A fita a ƙarshen Agusta, ruwa na cike, a kafa iyakar kowane tabki a gaban mai unguwa, a dasa itatuwa a kan layin. Kada a sa wa lotisma hannu sai an ga magudana a ƙasa, ba a takarda ba. Turakun bayan unguwarmu kuma a tumɓuke su yanzu, tun mai yashin bai kira magina ba.