Ga ƙannena na ajin kasuwanci, ku ɗago kanku

Kwanakin baya ɗan yayata ya dawo daga makaranta fuska a murtuke. An yi musu rabon aji na shiga SS1, shi an tura shi ajin kasuwanci, wanda yara ke kira kwamashal. Na tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce, "Kawu, ai ajin waɗanda suka kasa shiga sayans ne." Uwarsa ma har ta fara cigiyar wanda zai je ya roƙi shugaban makarantar a canza masa. Maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba daga bakinsa ta faro ba. Mu manya muka koya musu ita, da yadda muke washe baki in yaro ya ce zai zama likita, mu kuma yi shiru in ya ce akanta.

Kuma a Kano ake wannan raini! Garin da kasuwar Kurmi ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, garin Kantin Kwari da Singa da Dawanau, inda buhun da aka ɗaure da safe yake kwana a hanyar Maraɗi. Kakanninmu da ƙafa suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro, a cikinsu Alhassan Dantata ya fito. Aliko Dangote, da kowa ke ba da misali da shi, kasuwanci ya karanta a jami'ar Azhar ta Masar kafin ya dawo ya kama sana'a a 1977. To ƙanena, wace kunya ce a karatun abin da ya ɗaga garinku?

Na san abin da za a ce muku a majalisa: kasuwa ba a aji ake koyonta ba. Akwai gaskiya a ciki. Iya taya kaya, da gane mai saye daga mai tambaya, da haƙurin zaman shago ranar da ba ciniki, sai a gaban ubangida. Amma abin da na ga yana kashe shaguna ba rashin iya ciniki ba ne. Wani abokina ya yi shekaru yana yaron shago, ubangidansa ya sallame shi da jari mai kauri, ya buɗe shagon kayan masarufi. Mutum ne mai faran-faran, jama'a na tururuwa wurinsa. Ba a rufa shekara biyu ba kantar shagon ta fara yin fayau. Ranar da muka zauna da shi bayan sallar Isha'i don gano inda kuɗin suka shige, abin da ya zaro mini yagaggun kwalaye ne, an rubuta bashi a bayansu, wasu ba suna, wasu ba kwanan wata. Cefanen gida daga aljihun shago, gudummawar biki daga nan, kuɗin makarantar yara daga nan. Duk abin da ya shigo da yamma riba yake ɗaukarsa, alhali uwar kuɗin yake ci. Ya dafe kai ya ce, "Wallahi ban ci kuɗin kowa ba." Gaskiya ya faɗa, nasa ya ci bai sani ba.

Abin da ya gagare shi, shi ake koya muku tun zangon farko a darasin akawun: shago daban, mai shago daban, in ka ɗauki ko gwangwanin madara ka kai gida sai ka rubuta. Kowace naira tana da inda ta fito da inda ta shiga, kuma dole ɓangarorin biyu su daidaita. Wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, shi ya wallafa wannan tsari a 1494, har yau a kansa bankuna da kamfanoni ke tafiya. Mu kuwa tun kafin nan an umarce mu: ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Sai dai zan faɗa muku wadda ba za ku so ji ba. Da yawanku gudun lissafi ya kai ku ajin nan, kuma kun gudu ba ku tsira ba. Ba jami'ar da za ta ba ku gurbin akawun ko harkar banki ba tare da kiredit a Lissafi da Turanci a WAEC ko NECO ba, kuma a JAMB ma Lissafi da darasin tattalin arziki suna jiranku. Masu dogaro da satar amsa kuma su sani, takardar za ta iya kai mutum ofis, amma ranar da aka ajiye masa littafin kuɗi aka ce ya daidaita, ba wanda zai miƙo masa ta taga. Ku zauna ku zana layukan littafin kuɗi da hannunku, ku yi kuskure, ku sake, har hannun ya saba.

Hanya kuwa a buɗe take: ABU Zariya, Bayero, kwalejojin foliteknik, da jarrabawar ƙananan akantoci ta ATS da ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, ke shiryawa, wadda mai takardar sakandare zai iya farawa. Wanda kuɗin ruwa ke sa shi ɗari-ɗari da aikin banki ya tuna bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki tun 2012, kuma Bayero tana da cibiyar nazarin banki da hada-hadar kuɗi ta Musulunci.

Ku 'yan mata, da ku nake musamman. Ina ganin yadda kuke tallar atamfa da turaren wuta da humra a WhatsApp, Allah Ya sa albarka. Amma in kin sari turmi kin ɗora dubu ɗaya a kai, kin cire kuɗin adaidaita zuwa Kwari? Kin cire na data, da leda, da na ɗan aike? Wadda ta karɓa ta ce sai ƙarshen wata, a ina kika rubuta ta? Wannan shi ne darasin da malami ke yi a allo kina hira a bayan aji.

Shi kuwa ɗan yayata, ban je roƙon kowa ba. Na saya masa littafi mai shafi arba'in da biro biyu, ja da shuɗi, na ce daga yau shi ne akawun zoɓon da uwarsa ke ƙullawa: sukari, citta, kanumfari, leda, ƙanƙarar da ake saye in babu wuta, da waɗanda ƙannensa ke sha ba su biya ba. A mako na biyu ya zo da gudu yana nuna mini cewa duk ranar da aka sayi ƙanƙara, da ƙyar uwar kuɗin ke dawowa. Yayata ta karɓi littafin ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ya lissafa mata nawa ya kamata ta mayar da ƙulli ɗaya. Asabar mai zuwa zai kawo mini mu duba na wata guda.