Ajay na Baazigar ba ɗan halak ba ne, makashi ne

Tun da masu tura fina-finai a waya suka sake tono fim ɗin Indiya Baazigar suna zuba wa samari, wata magana ta kama baki a majalisun Gusau: wai Ajay, jarumin fim ɗin, ɗan halak ne, ya share wa uwarsa hawaye. Har da masu yanko wurin da ya cika a cinyar mahaifiyarsa suna yaɗawa a TikTok, an ɗora masa kiɗan tausayi. Fim ɗin na 1993 ne, Abbas da Mustan suka ba da umarninsa, shi ne kuma ya fara kawo wa Shah Rukh Khan kyautar Filmfare ta gwarzon jarumi. Shekara talatin da ɗoriya muna kallonsa, amma da ido ɗaya.

Babu mai musun an zalunci gidan su Ajay. Mahaifinsa ya kama ma'aikacin kamfaninsa Madan Chopra da almundahana aka ɗaure shi, Chopra ya fito ya yi ta magiya aka mayar da shi bakin aiki, har aka damƙa masa takardar wakilcin kamfani. Da ita ya kwashe komai ya kore su daga gidansu. Uban ya mutu, ƙanwar ta mutu tana jaririya, uwar ta taɓu. Ko dutse ne zuciyarka sai ta motsa.

To amma wa Ajay ya fara kashewa? Seema, 'yar Chopra, wadda laifinta bai wuce ta so shi ba. Ya yaudare ta ta rubuta takarda da hannunta kamar ita za ta kashe kanta, ya kai ta ofishin ɗaurin aure, ya hau da ita saman bene, ya zaunar da ita a bakin katanga yana mata daɗin baki, sannan ya kama ƙafafunta ya jefo ta ƙasa. Ya bi Ravi da Anjali, abokan karatunta, ya kashe su don kada asirinsa ya tonu. Tun kafin ya kashe Seema ya sake suna ya koma Vicky yana soyayya da ƙanwarta Priya, daga baya ya shiga neman aurenta tana cikin makokin yayarta. Rai uku, babu wanda ya ci ko sisin ubansa a cikinsu. Masu fim sun san aikinsu: sun lulluɓe wannan ta'asa da waƙoƙin Anu Malik da barkwancin Johnny Lever da hawayen uwa, har mai kallo ya tashi bai tuna da Seema ba. Wannan gwaninta ce a wajensu. Mu da muka manta da ita fa, mene ne namu uzurin?

Da a wata jiha ake wannan yabo da na yi shiru. A Zamfara ba zan iya ba, domin lissafin Ajay shi ne ya cinye mu. An sace wa mutum shanu ko an kashe masa ƙane, sai ya tare ɗan Fulanin da ya zo cin kasuwa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Dangin wancan su kuma su afka wa ƙauye cikin dare su kashe wanda suka samu. Kowane ɓangare yana da uwar da yake nunawa tana kuka, kowa kuma ya haddace cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. A watan Afrilun 2014 an kashe fiye da mutum 100 a 'Yargaladima ta ƙaramar hukumar Maru, a wurin taron 'yan sa-kai. Kwamitin M.D. Abubakar, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, wanda gwamnatin Bello Matawalle ta kafa a 2019, ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da aka kashe da marayu sama da 25,000 tun daga 2011. Nawa ne Chopra a cikinsu? Galibinsu Seema ne da Ravi da Anjali.

Abin takaicin, a jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'a ake wannan tafi. Almajirin da bai yi nisa ba ma ya san Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, ya kuma hana waliyyin wanda aka kashe wuce iyaka. Kisasi aikin alƙali ne, kuma a kan wanda ya yi kisan kaɗai. Yaron da ya kashe 'yar mutane da sunan uwarsa bai yi mata biyayya ba, fakewa ya yi da ita.

Masu cewa "ai fim ne kawai" su je su faɗa wa matan da ke gudun hijira a Anka. Masu kiran a hana kallon finafinan Indiya kuma sun bar jaki suna dukan taiki, don ba daga Mumbai aka kawo mana gaba ba.

Abin da ya kamata shi ne wanda aka zalunta ya ga Chopransa a gaban alƙali tun kafin ya fara wasa wuƙa. Askarawan tsaron al'umma da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a 2024 kuma a riƙa tambayarsu wa suka kama, ina suka kai shi. Malamai su ɗauki maganar a huɗuba, su kira kisan ramuwa da sunansa ko da ɗan unguwarsu ne ya aikata.