Haɗin ƙwaya na kashe mutanen karkara, mu muna gardamar rataya

Tun watan Mayun 2024 da Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga dillalan miyagun ƙwayoyi, kafin daga baya a mayar da shi ɗaurin rai da rai, maganar rataya ta ƙi barin bakin manyanmu. Duk taron da aka kira kan shaye-shaye a Kano ko Dutse, sai an samu wanda zai miƙe ya ce a dawo da kisa, a yi masa tafi, a watse. Ba na jin tausayin dillali ko kaɗan. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a irin waɗannan tarurruka ba a ware ko minti biyar a gaya wa mutane abin da ke faruwa a jikin wanda ya haɗa tiramol da roci, ƙwayar sa barci, balle abin da za a yi masa idan ya faɗi.

Masu wannan jawabi mutum ɗaya suke gani a ransu: ɗan daba a lungun birni, ido ja, wuƙa a ƙugu. Su fita Kadawa da Kura da Garun Malam lokacin noman rani, ko su gangara Auyo lokacin dashen shinkafa, su ga wanda ke sha. Ɗan ƙwadago ne da ya karɓi aikin jinga, wanda kuɗinsa ya dogara da yawan fangalin da ya gama kafin la'asar. Da asuba ya kora tiramol da gadagi don ya iya yini a sunkuye cikin ruwa. Da dare jiki ya yi tsami, barci ya ƙi zuwa, sai ya nemi D5, ita ma ƙwayar sa barci ce, ko roci. Gari ya waye jiki ya yi nauyi, sai ya ƙara a kan abin da ya sha jiya. Yana da mata da 'ya'ya, yana sallar jam'i, ba wanda zai kira shi ɗan ƙwaya, shi ma bai ɗauki kansa haka ba. A wajensa maganin gajiya yake sha. Binciken ƙasa da aka fitar a farkon 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi amfani da ƙwaya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu irin su tiramol da kodin suke sha ba da umarnin likita ba. Wa zai yarda cewa duk waɗannan 'yan daba ne?

Ga abin da ba a faɗa. Tiramol da kodin dangin mofin ne, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi, suna rage wa ƙwaƙwalwa ƙarfin tunatar da ƙirji ya ja numfashi. D5 da roci su ma danne ƙwaƙwalwa suke yi, ta wata hanyar daban. Idan suka haɗu a jiki ɗaya, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, numfashi ya riƙa raguwa a cikin barci har ya tsaya. Idan aka ɗora giya, ko pregabalin da ta shigo kasuwa a 'yan shekarun nan, haɗarin ya ƙaru. Tiramol kuma yana da nasa sharrin: yana tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda ba a taɓa saninsa da ita ba, musamman idan aka sha da yawa ko aka haɗa shi da amitriptyline da sauran magungunan ciwon damuwa. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini ga baligi, a rarrabe. Wanda hukuma ta yarda a shigo da shi mai 50 ne da mai 100. Wanda ke yawo a kasuwa kuwa mai 225 ne, ka ga ƙwaya biyu sun riga sun haura iyaka. Wanda jijjiga ta kama a tsakiyar fangalin shinkafa, ko a kan babur, ko a bakin rijiya, kowa ya san yadda za ta ƙare.

An riga an gwada hanyar hanawa ita kaɗai. A 2017 Majalisar Dattawa ta ce ana shan kwalaben kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A ranar 1 ga Mayun 2018, bayan binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ya dace a yi hakan. Amma kwalba ta yi tsada, mutane suka koma ƙwaya, wadda ta fi arha kuma ta fi sauƙin ɓoyewa. Da aka matsa wa tiramol, sai ga Tafrodol da 'yan'uwansa daga Indiya, haɗin tapentadol da carisoprodol, wato dangin mofin mai ƙarfi da maganin sakin jijiya a ƙwaya guda. Sai a Fabrairun 2025 Indiya ta hana yin wannan haɗi, shi ma bayan 'yan jarida sun tona. Wato da irin wannan ƙwaya mutum ba ya ma bukatar ya haɗa da hannunsa, an haɗo masa tun daga masana'anta, a kwali mai kama da na magani. A 2024 an tashi 'yan magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, aka yi ta murna, kuma hakan ya tsaftace wani abu a birni. A kasuwar ƙauye kuwa mai tire da mai kwali a bayan keke suna nan ranar kasuwa, magani a rana, babu mai tambayarsu takarda.

Ni abin da ya fi tsorata ni ma shi ne haɗin kemis, domin shi ya shiga kowane gida. Dattijuwa ta aiki jika ya karɓo mata haɗin ciwon jiki. Mai kemis ya ɓalle ƙwayoyi biyar ko shida kala-kala ya ƙulla a leda, babu suna, babu kwali. A ciki sau da yawa akwai maganin ciwon gaɓoɓi iri biyu, kamar diclofenac da piroxicam, waɗanda aikinsu ɗaya ne kuma haɗa su na cinye bangon ciki ya gajiyar da ƙoda. Ga dexamethasone da ke tayar da suga da hawan jini. Wani lokaci har da tiramol don a ce hannunsa na da kyau. Farasitamol da kowa ya raina, idan ya wuce giram 4 a yini yana iya lalata hanta, kuma yana ɓoye cikin magungunan mura da dama, sai mutum ya sha biyu bai san abu ɗaya ya maimaita ba. Amarya na shan sha-ka-fashe don ta yi ƙiba kafin biki. Mai jego ta sha kodin ko tiramol, ya bi nono ya kwantar da jariri, a ce yaron kirki ne ba ya kuka. Lasisin mai kemis bai ba shi ikon sayar da yawancin waɗannan ba, amma a garin da asibitin sha-ka-tafi ke rufe tun azahar, shi ne likita, shi ne mai ba da bashi. Wace rataya ce za ta kai ga wannan leda?

Idan kuma mutum ya faɗi, sai mu ƙarasa shi da kyakkyawar niyya. Mai jijjiga a ce iska ce, a danne shi, a tura masa cokali a baki, a kawo hayaƙi. Wanda ya sume a ɗura masa madara ko manja, alhali ba ya iya haɗiya, abin ya wuce huhu. Mafi muni, a ji yana wani irin minshari mai nauyi a ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Wannan minsharin, tare da numfashi jefi-jefi, da leɓe da farce da suka sauya launi, da ƙwayar ido da ta ƙanƙance, da rashin farkawa ko an girgiza shi, alamar mutuwa ce ke matsowa. A kwantar da shi a gefensa, kada a ba shi komai ta baki, kada a bar shi shi kaɗai, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take, a kuma tafi da kwalin abin da ya sha. Addu'a a yi ta a hanya. Akwai maganin da ake kira naloxone, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana dawo da numfashin wanda dangin mofin suka danne cikin mintuna kaɗan. Ba ya warware roci, tiramol ma ba duka yake warwarewa ba, shi ya sa asibiti ya zama dole ko an yi allurar. Sannan yaron da aka tsare wata uku a gidan mari ko gidan yari, jikinsa ya manta da ƙwaya. Idan ya fito ya sha adadin da ya saba a da, zai iya kashe shi a daren farko. Iyaye nawa aka gaya wa haka ranar da suka je ɗauko ɗansu?

Za a ce faɗin wannan koya wa yara shaye-shaye ne. Yaran sun riga sun san sunan kowace ƙwaya da farashinta, abin da ba su sani ba shi ne wadda ke tsayar da numfashi. An bar jaki ana dukan taiki.

NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ci gaba da kama manyan dillalai, aikinta ne. Amma gwamnatocin Kano da Jigawa su kai naloxone asibitocin karkara, su koya wa malaman asibiti amfani da shi. Hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta hana ƙulla magani a leda babu suna. Limamai da gidajen rediyo su riƙa faɗin alamomin nan ɓaro-ɓaro, kamar yadda aka yi da sanƙarau da kwalara. Manoman da ke ɗaukar 'yan jinga kuma sun san abin da ake sha a gonakinsu kafin a shiga ruwa, wasu ma su ke ba da kuɗin gadagin. Su ma a kira su taron, a tambaye su.