Gishirin titin Ingila da bakaniken da ya ce ban iya riƙon babur ba

Bakaniken ya durƙusa ya haska ƙarƙashin babur ɗina da tocila, ya miƙe yana goge hannu, ya ce wannan mashin ba a kula da shi. Ko kallona bai yi ba. Ni da na shekara shida ina acaɓa a Kano kafin a hana a 2013, kullum sai na wanke mashin ɗina tas kafin in karya, wai yau ni ne ban iya riƙon babur ba.

A watan Maris ne. Na kai shi gwajin MOT, wato gwajin lafiyar abin hawa, wanda dole ne a yi wa duk babur ɗin da ya shekara 3, sau ɗaya a shekara. Ɗan ƙarami ne mai injin 125cc, da shi nake kai wa mutane abinci gida-gida a Manchester. Lokacin da na saye shi a watan Oktoba yana ƙyalli. Wata biyar kacal, cen ya yi ja kamar an tsoma shi a manja, wuyan salansa ya fara ɓarewa, jikin injin ya fitar da wani farin gari kamar toka, birkin gaba kuma yana riƙewa, in ka tura mashin ɗin sai ka ji yana ƙugi. Ban ci gwajin ba.

Ku da ke gida ba za ku gane ba sai an zayyana muku. Da zarar an yi hasashen dare zai yi ƙanƙara, wasu manyan motoci masu fitila ruwan lemo sai su fito suna watsa gishiri a kan kwalta. Ba fari ba ne irin na miya, ja-ja ne mai tsakuwa, akasarinsa daga wani rami ake haƙo shi a Winsford, nan kusa da mu. A bakin wasu layuka har da akwatuna masu ruwan ɗorawa cike da shi, mai buƙata ya ɗiba ya barbaɗa. Amfaninsa shi ne ruwan gishiri ba ya saurin daskarewa, don haka titi ba ya santsi. Yana ceton rai, wannan ban musa ba. Amma taya tana kwaso wannan ruwan ta fesa shi a kowane lungu na babur, kuma ƙasar ba ta bushewa. Rana ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma a Disamba, yayyafi ba ya ɗaukewa, gishirin ya kwana a jiƙe yana cin ƙarfe. Inda notin ƙarfe ya shiga jikin alminiyum nan ya fi ɓarna, su manne da juna, ka sa sifana ka murɗa, kan notin ya guntule ya bar maka sauran a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi, ina wankewa fa. Duk ranar Lahadi, da ruwan zafi, saboda hannuna. Ashe ruwan ɗumi ƙara wa gishirin kuzari yake yi. Wani dattijo maƙwabcina ne ya gaya min daga baya cewa da ruwan sanyi ake ɗauraye shi, kuma ba mako-mako ba, duk dawowar da ka yi daga titin da aka zuba gishiri. Ya hana ni injin feshi mai ƙarfi, don yana tura ruwa ya kori giris daga cikin boris. Ya kuma hana ni rufe shi da leda yana jiƙe, abin da kullum nake yi ina ganin gata nake masa. Sai ya nuna min wani man hana tsatsa mai launin shunayya, ACF-50, wanda don jiragen sama aka fara yin sa. Kafin sanyi ya shigo ake wanke babur, a busar, a shafe ƙarfen da shi, amma a kiyaye faifan birki da taya, in ya taɓa su kai da Allah. Cen kuwa, a goge a sa masa mai akai-akai. Shi kansa dattijon ba ya hawa nasa daga Nuwamba zuwa Maris, yana gareji a kulle, batir a jone da caja. Mai abin hannu ke nan. Ni in na ajiye nawa wa zai biya min haya?

To, sun san riga-kafi, na ba su wannan. Amma mutum ya san gishirin garinsu ba shi ne ya fi wani kula ba. Mu abokin gābarmu ƙura ce. A kawo bakaniken nan Kano cikin hunturu, a ba shi Boxer ya yi mako biyu tsakanin Kurna da Bata, mu ga ko zai san yaushe ake kakkaɓe matatar iska da juye baƙin mai. Tsatsa ba ta cikin lissafinmu domin iskarmu busasshiya ce, ƙarfe ba ya saurin lalacewa. Iyakar saninmu da ita shi ne in an je sayen mota 'yar Kwatano a leƙa ƙarƙashi, in an ga ja a ce wannan daga ƙasar ƙanƙara ta fito. Ban taɓa tambayar dalili ba sai da abin ya zo kaina.

Kuma wane irin gyara suke yi? Duk abin da ya ci tsatsa, cewa ya yi a cire a sa sabo, ya rubuto min kuɗin aiki awa-awa, jimillar ta kusa rabin abin da na sayi mashin ɗin. A gida wa zai yar da salansa don ta huje? Mai walda yana nan gefe, minti goma ya toshe. Notin da ya ƙi fita a jiƙa shi da kananzir, a ɗan gasa, a bubbuga, yara biyu su riƙe, ya fito. In babu kayan, a aiki yaro Ƙofar Ruwa ya dawo da shi kafin ka shanye kokon da aka sayo maka. Kana zaune a benci ana hirar ƙwallo, kuma ko kuɗinka bai cika ba, a ce kawo sauran gobe.

Daren nan na kira tsohon maigidana da ya koya min kwance kafireto, na juya masa kyamara ya ga cen ɗin. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce, “Kai yaro, a teku kake tuƙi ne?” Na ce, “Maigida, gishiri suke zubawa a titi.” Ya ce gishiri dai na miya? Na ce shi. Ya kira yaran gareji su zo su ji, na ji muryoyinsu suna ta salati, wani yana tambayar nawa ake sayar da mudu a can.

Yanzu ƙarfe 11 na dare nake dawowa aiki. In ɗauko bokiti biyu daga bene na biyu, in tsaya a bayan gida ina kwara wa babur ruwan sanyi, yatsuna sun ƙage, ba mai cewa sannu. Labulen maƙwabta duk a sauke, sai fitilar bango da ke mutuwa in na daɗe ban motsa ba, sai na ɗaga mata hannu ta sake kamawa.