Na uku a Afirka, amma ko a Jos ba mu ji labari ba

Ranar Asabar 1 ga Yunin 2024 an buga wasannin ƙarshe guda biyu. Ɗaya kowa ya san da shi, Real Madrid da Dortmund a Wembley. Ɗayan kuwa a Kigali aka yi shi, na gasar ƙwallon kwando ta ƙungiyoyin Afirka wadda ake kira BAL, tsakanin Petro de Luanda ta Angola da Al Ahly ta Bengazi a Libiya. Na je gidan kallon unguwarmu a nan Jos na ce wa mai wurin: "Ƙanena, ko talabijin ɗaya ce ka kamo mana na kwandon." Ya ce: "Wallahi Yaya, ba ƙi na yi ba, amma wa zai biya kuɗin mai? Kai kaɗai ne za ka zauna." Gaskiya ya faɗa. A waya na kalla, Petro ta ci 107 da 94.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Kwana ɗaya kafin nan, Rivers Hoopers ta Fatakwal ta lallasa Cape Town Tigers da ci 80 da 57, ta zama ta uku a duk nahiyar. Ƙungiyar Najeriya ce, kocinta Ogoh Odaudu ɗan Najeriya ne, kuma shi aka ba kambun gwarzon koci na wannan kakar. Na tambayi samarin da nake gani suna jefa ƙwallo kowane yamma ko sun ji labari. Sun san LeBron, sun san Curry, har lambar rigunansu, amma ba wanda ya taɓa jin sunan Odaudu.

Domin a gane nauyin abin, sai an koma baya kaɗan. NBA, babbar gasar kwando ta Amurka, da FIBA, hukumar kwando ta duniya, su ne suka haɗa hannu suka kafa BAL, aka fara a watan Mayun 2021 a Kigali. Wasan farko a tarihin gasar, Rivers Hoopers ɗin nan ce ta buga shi da Patriots ta Ruwanda, ta sha kashi, kuma ba ta fita daga rukuni ba. Zamalek ta Masar ce ta ɗauki kofin. A 2022 US Monastir ta Tunisiya ta ɗauka, mu kuwa ko wakili ba mu da shi, saboda rikicin shugabancin hukumar kwando ta ƙasa da ya faro tun 2017 ya durƙusar da gasar lig ɗinmu. A shekarar ce ma gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa, kafin ta sauya shawara an riga an ba Mali gurbin D'Tigress, ƙungiyar kwandon matan Najeriya, a gasar cin kofin duniya ta mata. A 2023 Kwara Falcons ta je ta dawo tun daga rukuni, Al Ahly ta Masar ta ci kofin. To daga wannan ramin ne Hoopers ta fito a 2024, ta je Dakar ta zo ta ɗaya a rukunin Sahara a gaban masu masaukin baƙi AS Douanes, sannan ta fitar da US Monastir, tsohuwar zakara, a Kigali. 'Yan Bengazi ne suka tare ta a wasan kusa da na ƙarshe.

Na san abin da wasu za su ce: ai da 'yan wasan haya aka yi, ga Will Perry ɗan Amurka. Haka ne, kuma kowace ƙungiya a gasar tana da nata baƙin. Jo Lual-Acuil, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan kakar, ɗan Sudan ta Kudu ne da ke buga wa ƙungiyar Libiya. Baƙo yana ƙara wa miya gishiri ne kawai, ba shi ke dafa ta ba. Dubi Petro. Tun daga 2021 ba kakar da ba ta kai wasan kusa da na ƙarshe ba, ta rasa kofin a 2022, ba ta wargaje ba, ta dawo ta ɗauka a 2024. Dalili shi ne a Angola ana buga lig kowace shekara, 'yan wasa suna wata da watanni tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya kafin ya jefa masa ƙwallo. Mu kuma sau da yawa sai a tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na 'yan kwanaki, a fitar da zakara, kowa ya kama gabansa. Yaron da ke buga wasa goma a shekara ba zai yi kafaɗa da mai buga arba'in ba, ko da ya fi shi tsawo da baiwa.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne Arewa. Wannan wasa ba baƙonmu ba ne. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson ya koyi kwando, kuma shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Kano Pillars ta kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ta sha wakiltar Najeriya a tsohuwar gasar ƙungiyoyin Afirka. Ga Gombe Bulls, ga Bauchi Nets, ga Niger Potters, ga tamu Plateau Peaks. Amma a kakar BAL huɗu na farko, babu ƙungiyar Arewa maso yamma, ko maso gabas, ko ta Filato, da ta taka filin. Zakaran Najeriya kai tsaye yake shiga, ba sai ya bi ta wasannin share fage ba. Ƙofa a buɗe take, mu ne ba mu isa bakinta ba.

Kuma a Jos ba mu da uzurin da za mu kawo. Yanayinmu mai sanyi ne, ana iya atisaye da tsakar rana. Muna da makarantun sakandare masu filaye, muna da jami'a, muna da dogayen yara a Gangare da Unguwar Rogo da Tudun Wada da Bukur. Ƙwallon kwando ma ba ta cin fili, siminti ne da ƙarfe biyu. Na ga da idona yadda yaran da iyayensu ba sa shiga unguwannin juna suke haɗuwa a fili ɗaya, Musulmi da Kirista, ba mai tambayar sunan wani kafin ya miƙa masa ƙwallo. A garin da ya sha abin da Jos ta sha, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ku tuna da Khaman Maluach. A kakar 2024 ɗin nan yana ɗan shekara 17 ya buga wa City Oilers ta Yuganda, ta hanyar tsarin da BAL ke raba wa ƙungiyoyi ɗaliban makarantar NBA da ke Saly a Senegal. Daga nan ya wuce Jami'ar Duke, a 2025 aka ɗauke shi na goma a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA. Masu farautar 'yan wasa sun gan shi ne don akwai filin da ya tsaya a kai. Yaron unguwar Rikkos a nan Jos mai irin tsawonsa, a wane fili za a gan shi?

Ni dai na yi magana da mai gidan kallonmu. Kaka mai zuwa zan biya kuɗin man ranar da wakilin Najeriya zai buga wasansa na farko, zan kuma kwaso yaran filinmu duka. Wanda ke Jos kuma yana so mu haɗa kuɗin, ya yi mini magana ta akwatin saƙo.