Tallafin talakawa: a faɗi adadin, a karanta sunayen a gaban kowa

Bayan ambaliyar 2024 na je duba gwaggona a wani ƙauye da ke kusa da Yagwa, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana riƙe da jikoki huɗu, ruwa kuma ya shanye 'yar gonar shinkafarta. Na tarar an sa sunanta cikin waɗanda wata ƙungiya ke tura wa tallafi ta waya. Da murna ta kwance bakin zane ta nuna mini abin da ya rage cikin jaka 18, wato sefa 18,000, da ta karɓa.

Na ce, "Gwaggo, nawa aka ce za a ba ku?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Ɗan nan, wa zai tambaya? Abin da aka ba ka kyauta ai ba ka ƙirga shi a gaban mai bayarwa."

Ba ta da katin ɗan ƙasa, don haka da sunan wani saurayi na unguwar aka yi rajistar layin. Shi ke hawa babur ya je gari ya ciro wa mata bakwai kuɗinsu. Na lallaɓa shi ya nuna mini saƙon da ya shigo. Da Faransanci yake, kuma sefa 25,000 aka rubuta. Jaka 7 sun narke tsakanin rumfar mai cirar kuɗi da ƙofar gidan gwaggo, ita kuma sai sa masa albarka take yi.

Yaron nan ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda tsohuwa za ta karɓi haƙƙinta ba ta san yawansa ba, har tana ganin tambaya rashin kunya ce. Matuƙar mai karɓa bai san nawa ne rabonsa, yaushe zai zo, da dalilin da ya sa aka zaɓe shi aka bar maƙwabcinsa ba, duk mai binciken da za a turo daga Yawunde zai duba takardu ne kawai, kuma takardu kullum a daidai suke.

Ba ƙaramin kuɗi ake magana ba. Tun 2013 gwamnatin Kamaru ta soma shirin tallafa wa talakawa da kuɗi mai suna Filets Sociaux a ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arziki da tsare-tsare, tare da Bankin Duniya da ya fara sa dala miliyan 50. An yi gwajin farko a Suledé-Ruwa ta Mayo-Tsanaga da kuma Ndop ta Arewa maso Yamma. A tsarin, gidan da aka zaɓa zai samu sefa 360,000 cikin shekara biyu: jaka 20 duk bayan wata biyu, sai jaka 80 maimakon 20 a wata na 12 da na 24 don a ja jari, a sayi akuya ko a kafa teburin ƙosai. Ban da wannan akwai ƙungiyoyin agaji da ke raba kuɗi ga waɗanda Boko Haram ta kora daga Kolofata da kewayen Mora, da waɗanda kogin Logon ya raba da gidajensu. A jihar Arewa Mai Nisa, inda binciken hukumar ƙididdiga na 2022 ya nuna kusan mutum bakwai cikin goma talakawa ne, jaka 20 na iya zama bambancin yaro ya ci gaba da zuwa makaranta ko ya koma talla.

Nan ne gizo ke saƙar. Idan mutum bakwai cikin goma na buƙata, kuɗin kuma bai kai ga rabinsu ba, to wanda ke riƙe da alƙalamin rubuta sunaye ya fi alƙali iko a ƙauyen. A takarda tsarin yana da kyau: jama'a su fitar da sunayen mafi talauci, ma'aikata su bi gida-gida su duba irin rufin ɗaki da yawan baki da abin da aka mallaka, sannan a kafa kwamitin sa ido daga cikin mutanen gari. To amma wa ke naɗa kwamitin? Idan jauro ko lawan ya kira taro a ƙofar gidansa, ya ce wane da wane sun dace, wa zai ɗaga hannu ya ce a'a alhali gonar da yake nomawa aro ce daga gidan? Sai ka ga mai zaɓen sunaye da mai karɓar ƙorafi a tabarma ɗaya suke cin tuwo. Ba ina cewa masu sarauta ɓarayi ba ne; da yawansu sun fi kowane ma'aikaci sanin gidan da ba a hura wuta. Amma ko liman ne ya yi rabo, bai kamata shi ne zai saurari ƙarar rabon ba.

Sai maganar kyauta, wadda ita ce ta ɗaure bakin gwaggo. Ranar biya a wurare da dama akan kafa rumfa, a jera kujeru, manya su yi jawabi, mata su yi guɗa, wani lokaci ma har da zanen jam'iyya. Talaka ya tashi da tunanin cewa magajin gari ko ɗan majalisa ne ya ji tausayinsa. Alhali wani ɓangare na kuɗin Bankin Duniya bashi ne da za a biya daga baitulmali, wato daga harajin da mai sayar da albasa ke biya a kasuwar Maruwa. Mai karɓar sadaka godiya ce tasa. Wanda ya san haƙƙinsa ne yake karɓa, shi yana iya tsayawa ya ƙirga.

Kar wani ya ce ai akwai hukumomin bincike. Akwai su, sun kuma yi aiki. Sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ya bi diddigin asusun korona na sefa biliyan 180, rahotonsa na 2021 ya fallasa kwangiloli da aka kumbura. A Najeriya ma an dakatar da ministar jinƙai Betta Edu a Janairun 2024 kan naira miliyan 585 da aka nemi a zuba a asusun wata ma'aikaciya. Irin wannan bincike manyan kifaye yake kamawa, bayan kuɗin ya riga ya tafi. Jaka 7 na gwaggo ba za su taɓa shiga rahoton kowa ba.

Abin da nake gani zai yi aiki ba shi da tsada. A Rajastan ta Indiya, tun shekarun 1990 manoma suka soma tara jama'a a karanta takardun biyan leburori da babbar murya, sai ga sunayen matattu suna karɓar lada. Daga baya dokar samar da aikin yi ta 2005 ta mai da irin wannan zama dole. Mu ma muna da filin da ya dace: bayan sallar Juma'a, bayan coci ranar Lahadi, ko ranar kasuwa. A karanta sunaye da Fulatanci da Hausa da Larabcin Shuwa da Mafa da Musgum, gwargwadon harshen wurin, a bar mako biyu don wanda ke da magana, kuma wanda zai ji maganar ya zama ba shi ya rubuta sunayen ba. Adadin kuɗi kuwa, gidajen rediyon al'umma su riƙa maimaita shi kamar sanarwar ɗaurin aure, tare da cewa babu kuɗin rubutu, babu kuɗin wahala, ko dala ɗaya. Lambar kai ƙara, irin 1517 ta CONAC, hukumar yaƙi da cin hanci ta Kamaru, tana da amfani ne idan wanda ya ɗauka yana jin harshen tsohuwar da ta kira.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Karanta sunan mutum a cikin matalauta tonon asiri ne, mu kuma mutane ne masu son sutura. Ga kuma tsaro: a yankin Tuboro masu garkuwa da mutane sun addabi jama'a, a bakin iyakar Najeriya kuma ba ka shelanta ranar da kuɗi zai shigo gari. Na yarda da rabin wannan. Kar a sa sunayen a intanet, kar a faɗi ranar biya a rediyo inda ake fargaba. Amma a cikin unguwa babu wanda bai san bazawarar da ke kwana da yunwa ba; maƙwabta ne ma ke aika mata da kwano. Abin da ɓoye takardar ke suturtawa shi ne sunan ƙanen matar wani babba da ke da shanu a ruga.

Matsalar katin ɗan ƙasa ma sai an dube ta tare da rabon, don ita ce ƙofar da yaron nan ya bi. Duk shirin da zai biya ta MTN ko Orange ya fara da kai masu yin takardar haihuwa da kati ƙauyen, ko kuwa ya biya hannu da hannu a gaban shaidu.

Kafin in taho na ɗauki gawayi na rubuta 25,000 a bangon ɗakin gwaggo, na sa babban jikanta ya karanta mata sau uku. Da aka sake biya ta aiko mini cewa jaka 24 yaron ya kawo, ya ce ɗaya na man babur ne, ta kuma bar masa. Sauran matan shida a jikin bangon nan suka fara ganin adadin.